Karan Awon Ibrahima

A Tungar Marke, wani ɗan ƙauye da ke ƙasar Tsamaye, babu wanda yake son Halliru ya daɗe yana kallonsa. Ba mugun ido ne da shi ba. Shi ne mai haƙa kaburburan garin tun yana saurayi, kuma aikin ya bar masa wata ɗabi'a. In kuna magana, sai ka ga idonsa ya sauka kan ƙafarka, ya hau a hankali har hula. Mutane su ce, "Halliru, bar awona, ban shirya ba." Shi kuwa ya yi dariya ya ce ai wannan tafiyar ba a yi mata shiri.

Al'adar wurin, in an yi rasuwa, namiji daga gidan mamaci zai samo karan dawa miƙaƙƙe, ya auna gawar daga kai zuwa ƙafa, ya karya, ya kawo wa Halliru. Da wannan kara ake fitar da tsawon rami. Halliru yakan karɓa don kada a ce ya raina al'ada, amma tun kafin kara ya iso ya san tsawon mai shi. In ya ɗaga diga zai kai saran farko, sai ya ce, "La haula wa la ƙuwwata illa billah." Ba ya mantawa, ko ramin jariri ne.

Ɗansa na fari, Anas, shi ya gado ƙirar uban har ya ɗara. Ƙato ne, mai faɗin ƙirji, irin wanda yake ɗaukar damin gero biyu yana hira. A daminar bara, ana cikin noman biyu, 'yan bindiga suka fito ta gefen fadama suka iske shi a gonar nesa. An ji ƙarar harbi daga cikin gari. Waɗanda suka tsere suka ce sun ga ya faɗi.

Babu wanda ya fita ɗauko shi. Mazan Tungar Marke, waɗanda a gindin marke kowa zaki ne, ranar duk suka tuna suna da iyali. Halliru ya ɗauki gatari zai tafi shi kaɗai, aka taru aka danne shi kamar rago.

Washegari da hantsi, masu leƙen hanya suka hangi mutum zaune a gindin tsamiyar bakin gari. Ibrahima ne, dattijon Bafillace da rugarsa take bayan maƙabarta tun kakanni. Kowace kaka shanunsa suke kwana a gonar Halliru su bar masa taki, har ranar da 'yan bindiga suka kore su daji suka bar shi da sanda. A gefensa ga Anas kwance, an rufe masa fuska da babbar riga.

Aka tambaye shi wa ya kawo gawar. Ya ce shi ne. Aka dube shi, tsoho ne dogo siriri, aka dubi Anas, aka tuna nisan gonar.

"Kai kaɗai? Yaya kay yi?"

"Ni dai na duƙa," in ji Ibrahima. "Allah yaɗ ɗauka."

Da ma ya yi shiru. Kafin a idar da jana'iza magana ta gama gari. Tsohon da bai iya ɗaga buhun dusa, shi zai goyo Anas daga fadama? Ai a babur 'yan bindigar suka kawo masa. Yaya aka yi ya san inda gawar take, kuma yaya aka bar shi ya wuce? Wanda bai iya fita ƙofar gidansa ba ranar, shi ya fi kowa sanin yadda abin ya faru. Ba a rufe mako ba samari suka cinna wa rugagen bayan gari wuta. Fulanin wurin, waɗanda aka yi suna da biki tare da su, suka kwashe 'ya'yansu suka nufi iyakar Nijar. Ibrahima kaɗai ya rage, shi da 'yarsa Fadima, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida. Suka sake kafa bukka ɗaya a kan toka. Gari ya yanke cewa ba ciniki da su, ba gaisuwa.

Halliru bai cinna wuta ba, bai kuma hana ba. Da hannunsa ya haƙa wa Anas, ya fito daga ramin, ya jingine diga da dagi a bayan rumbu, bai sake taɓa su ba. In an zo da kara sai ya ce ƙarfinsa ya ƙare, a nemi yara. Yaran kuwa suna haƙawa kamar masu neman gafiya, rami a karkace, wani ya yi gajere sai an ƙara ana tsaye da gawa. Bai daina salla ba, amma la haula ta bar bakinsa. Fushi yake yi, kuma ya san da Wanda yake yi. Wata rana bayan azahar ya tare Ladan Fatihu, tsohon da yake jan salla tun da liman ya kwashe iyalinsa ya koma Sabon Birni.

"Malam Ladan, kullum kuna hwaɗin Allah mai ƙarhi na. To ina ƙarhin? Masu salla ana yanka su cikin gonakkinsu, masu bindiga suna cin nama. Mi sallarmu tat tsare?"

Ladan ya daɗe yana jan carbi. Daga baya ya ce, "Ban sani ba, Halliru. Da na sani da na gaya maka." Wannan amsar ta ƙara wa Halliru haushi, don gardama ya zo nema.

Game da Ibrahima kuwa, bai ce ya yarda da maganar gari ba, bai ce bai yarda ba. Bai taka rugar ba. Na gode ma bai ce ba, kuma a ransa yakan ce sai ya tabbatar tukuna.

Haka aka ci kaka, aka ci rani, aka shiga bazara. Zafi ya kai inda kaji suke buɗe baki a ƙarƙashin rumbu. Wata Talata da hantsi, Halliru yana zaune a zaure yana gyaran igiyar guga, sai ya ji hayaniyar yara. Ya ɗaga kai ya ga mace tafe a tsakiyar hanya, riƙe da karan dawa a hannu biyu. Fadima ce. A Tungar Marke ba a taɓa ganin mace da karan awo ba. Mazan gindin marke suka bi ta da kallo, babu wanda ya ce mata sannu, alhali kowa ya san ma'anar abin da ta riƙe.

Ta durƙusa a bakin zauren.

"Baba Halliru, Baffa ya cika."

Halliru ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya faɗa ne don ana faɗa. Sannan ya mai da kai ga igiyarsa. "Na bar aikin ga, Fadima. Kowa ya sani. Tai ki ishe samari."

"Na ishe su. Sun ce in kai shi daji, 'yan uwanai su rufe shi."

Ta ajiye karan a gabansa duk da haka, ta ja baya. Halliru bai yi niyyar kallo ba, amma ido ba ya barin sana'arsa. Ya bi karan daga wannan kai zuwa wancan, ya ɓata fuska.

"Wa yay yi awon ga?"

"Ni niy yi. Babu namiji."

"To kin yi kure. Ibrahima ya ɗara wanga kara da taƙi guda har da ɗoriya. Ni da shi mun tsaya kahwaɗa da kahwaɗa a salla shekara da shekaru, sai na ɗaga kai nike ganin kunnenai."

"Ban yi kure ba, Baba. Sai da nis sake gwadawa." Muryarta ba ta rawa, ta gaji da kuka tun kafin yau. "Hakanan yak koma. Tun randa yaɗ ɗauko Anas bai ƙara miƙewa ba."

Halliru ya bar igiyar ta zame daga hannunsa. Sai a lokacin ya tuna cewa ranar, a gindin tsamiya, Ibrahima zaune yake. Da aka ɗauki Anas zuwa gida bai tashi ya bi ba. A jana'iza ma ba a gan shi ba, kuma wannan na cikin abin da gari ya riƙe a matsayin hujja.

Daga bayan zana, Kadijatu matar Halliru ta yi gyaran murya. Ta ji komai. Mace ce mai kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunan Anas ba yana raye, kuma da ya mutu ba ta fara ba.

"Malam," ta ce, "wanda yak kawo mani yaron nan har nig ga huskatai, shi na kwance can ƙudaje na bi nai. In ba ka zuwa, ba ni digar."

Halliru ya ɗauki karan. Ya tashi, ya zaga bayan rumbu. Gara ta fara cin ƙotar digar, ya kakkaɓe. Da ya fito, Kadijatu ta riga ta buɗe akwatinsa ta ɗauko farin yadin da ya ajiye wa kansa, tana neman allura.

Ya bi ta gindin marke da diga a kafaɗa da kara a hannu. Wani daga cikin mazan ya ce, "Haba Halliru! Kai ko? Mutumin da anka haɗa baki da shi anka kashe maka ɗa?"

"Kana wurin?"

"Ba ni wurin, amma kowa ya sani."

"Ranar kana ƙarƙashin gado, ni na sani," in ji Halliru, ya wuce.

Ladan Fatihu ne kaɗai ya miƙe, da ƙyar, yana dafa sanda. Ya juya ya ce wa sauran, "Gawar Musulmi in ta kwana ba a rufe ba, zunubin na garin ga na gaba ɗaya, har jinjiri ya ji kunya. In mutum biyu sun yi, an sauke ma kowa. Ku zamna, za mu sauke muku." Ya ɗauki butarsa ya bi bayan Halliru.

Rugar ba ta da nisa, amma Halliru ya ji kamar bai taɓa bin hanyar ba. Inda garke yake a da, turaku ne tsaye babu ko akuya. A cikin bukkar, Ibrahima na kwance kan tabarma ta gefen dama, a lanƙwashe kamar lauje. Halliru ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa ya yi abin da ya saba, daga ƙafa zuwa kai. Karan Fadima daidai yake.

Fadima ta kawo ruwa a tulu ta fita. Ladan yana zubawa, Halliru yana wankewa. Da suka zare rigar, sai ga tabo biyu sun taso daga kafaɗu sun gicciye a ƙirji, masu kauri, irin na igiyar da ta ci nama ta warke. Gwiwoyin kuwa babu fata ta gari a kansu, duk tabon tsakuwa ne. Halliru ya sa hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a baya, ya gwada miƙar da shi a hankali yadda ake yi wa mamaci. Ƙashin ya ƙi.

Ya ɗaga murya ya kira Fadima, ta amsa daga bayan bukka.

"Da mi yaɗ ɗaure Anas a bayanai?"

"Da dangwali, igiyar ɗaure maruƙa. Shi kaɗai yar rage muna daga shanun. Na hana shi tahiya. Yac ce ɗan Halliru ba ya kwana biyu a daji karnuka su taɓa shi, ubanai ya rufe mutanen garin ga duka. Yac ce ya yi tahiya tsaye har bakin rahi, nan wani abu yak karye mai a baya. Sauran da gwiwa yak ƙarasa."

"Mi yah hana shi gwada ma mutane tabon?"

"Na ce mai hakanan. Yac ce ba don mutane yay yi ba, ba ya tuɓe musu riga."

Halliru ya zauna a ƙasa, ruwan wankan yana jiƙa masa wando. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta da wurin ɓuya. Ga mutum ya kwana wata da watanni a bayan maƙabarta da karyayyen baya, tafiyar da ba ta kai zuwa rijiya ba, shi kuwa yana zaure yana jiran ya tabbatar. Ya yi kuka, kukan da bai yi a kan ramin Anas ba. Ladan ya bar shi sai da ya gaji, sannan ya ce rana tana yi, akwai haƙa.

A maƙabarta Halliru ya zaɓi wuri a gefen Anas. Ƙasar bazara ta bushe ta yi tauri, sai an zuba ruwa take sakin jiki. Ya shimfiɗa karan a ƙasa ya ja layi a kai da ƙafa. Ya tsaya yana kallon layin. Sai ya goge na ƙafar da tafinsa, ya auna taƙi guda da ɗoriya, ya ja wani.

Ya ɗaga digar. Ta yi masa nauyi, hannunsa ya manta ta. Yana riƙe da ita a sama bakinsa ya buɗe da kansa.

"La haula wa la ƙuwwata illa billah."

Saran farko bai fi ƙwarzane ba. Na biyu ma haka. Tafinsa ya tashi, ƙurajen suka fashe, ƙotar ta yi santsi da jini. Numfashinsa yana fita da ƙara. Ya tabbata ba zai gama ba, kowane sara yana jin shi ne na ƙarshe, amma sai ya ga ya sake ɗagawa. Fadima tana jigilar ruwa daga rijiya, Ladan yana kwashe ƙasa da ƙwarya don shebur ya fi ƙarfinsa. Da rana ta take tsaka, Kadijatu ta iso da likkafani a ɗinke, ta miƙa daga bakin shinge ta tsaya can tare da Fadima.

Babban rami ya kai gwiwa lokacin da wata inuwa ta faɗo a kan Halliru. Ɗaya daga cikin samarin gari ne, cikin waɗanda suka riƙe wuta bara. Bai yi sallama ba, bai dubi kowa ba. Gatari ne a hannunsa, da itacen rufi da ya saro ya ɗauro a ka. Ya sauke, ya ɗauki shebur. Can kuma wani magidanci ya zo da makara a kafaɗa, yana cewa wai hanya ce ta biyo da shi, kamar ana yawo da makara. Iyakarsu ke nan. Sauran garin suna gindin marke.

Suka ɗauko Ibrahima daga ruga. Halliru ya riƙe gaban makarar, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan. Wannan rashin nauyin ya fi komai ci masa rai, don kafaɗarsa ta san nauyin Anas, shi ya karɓe shi a rami. Ladan ya ja salla da sahu ɗaya, shi ma bai cika ba. Bayan sallama ya tsaya yana kallon gawar.

"Halliru, ka tambaye ni wani abu kwanaki, nic ce ban sani ba."

"Na tuna."

"Har yanzu ban san duka ba. Amma ga wanda ba shi da saniya, ba shi da bindiga, ba shi da ko ƙarhin ɗaukar tulu. Shi yah hana garin ga kunyar barin ɗansu ga karnuka."

Halliru ya sauka cikin ramin ya karɓi Ibrahima. Ya kwantar da shi ta gefen dama, fuska ga alƙibla, ya kwance ɗaurin kai. Lanƙwasar bayan ta sa sai da ya ɗan rarake gefen ramin da hannu. Da ya gama ya miƙe, kowa ya ga abin da ya rage. Daga tafin ƙafar Ibrahima zuwa ƙarshen ramin akwai fili, taƙi guda har da ɗoriya, babu komai a ciki.

Saurayin nan, wanda bai san zancen ba, ya leƙa ya ce, "Baba Halliru, yau kai ma ka yi kure. Ramin ya yi mai yawa."

"Bai yi ba," in ji Halliru. "Tsawonai ke nan. Sauran ya ba ɗana."

Ya durƙusa a cikin filin, ya dafa ƙafafun ta saman likkafani. Ya ce, "Ibrahima, na gode." Ya jira kaɗan, kamar mai tsammanin amsa. Sannan ya ɗaga hannu sama a miƙo masa itacen farko.